Mantau Na Nan a Kunne

Litinin, 13 ga Satumba 1999, da hantsi

Ta tashi! Wallahi ta tashi! Kwamfuta a cikin kwamfuta, a nan Tudun Wada, a ɗan shagona da ke jikin zaure. Abokina Bature ne ya aiko mini da faifan firogiram ɗin daga Kano, ya ce in gwada, shi ma bai gama gane kansa ba. Abin da yake yi shi ne ya yanki wani sashe na ƙwaƙwalwar kwamfutarka da na ma'ajiyarta, ya gina wata kwamfutar daban a ciki. Ba ta da jiki, ba ka iya taɓa ta, amma tana kunnuwa tana mutuwa kamar kowace. Ina zaune ina kallon wata 'yar taga a tsakiyar allo tana tashi da kanta, ban san lokacin da na yi kabbara ba. Lado maƙwabcina mai a-kori-kura ya leƙo ya ce, "Malam, haihuwa aka yi?" Na ce kusan haka ne.

Inna ta zo jiya daga Falgore, ita da ƙanwata Hajara. Za su ɗan kwana biyu.

Laraba, 15 ga Satumba, bayan la'asar

Yanzu biyu ne a ciki. Babbar, ta gaske, wadda ke kan tebur, ita na sa wa suna Uwa. Ta farko a cikinta na zuba mata tsohon tsarin da nake buga takardun mutane da shi. Ta biyun kuwa ita ce abin alfaharina, ta ɗalibai ce, na raɗa mata Mantau.

Ga dalili. Ɗalibaina ba yara ba ne, malaman makaranta ne da ma'aikatan sakatariya, masu gemu, amma in suka kama maus sai ka rantse fartanya ce. Watan jiya wani ya share mini rabin kwamfuta, ya juyo yana tambaya ko ya ci jarrabawa. To a wannan firogiram akwai wani zaɓi: ka saita ma'ajiyar 'yar kwamfutar yadda duk abin da aka rubuta a cikinta na ɗan lokaci ne. Muddin tana kunne yana nan. Da zarar an kashe ta, shi ke nan, ta manta, ta koma yadda na gina ta ranar farko. Su share, su ɓata, su yi yadda suka ga dama. Da yamma in kashe, da safe ta tashi fes. Kai, wanda ya ƙirƙiro wannan abu Allah ya yi masa kai.

Likita ya zo duba Inna. Ya ja ni waje ya faɗi abin da ya faɗa.

Ƙwaƙwalwar Uwa ce dai ta yi kaɗan. In na kunna biyun tare sai ta riƙa jan ƙafa.

Alhamis, 16 ga Satumba, da azahar

Inna ba ta sha furar da aka dama mata ba. Na rage wa ta farko ƙwaƙwalwa na ƙara wa Mantau, ta ɗan yi sauri.

Asabar, 18 ga Satumba, da safe

Sauti ya yi! Na yi ta fama da shi tun shekaranjiya, yau dai Mantau ta yarda ta ji makirfo. A cikinta kaɗai ya kama, ɗayar ta ƙi sam. Na kira Hajara na ce ta yi magana. Ta ce, "Me zan ce, Yaya?" Na mayar mata, sifika ta ce, "Me zan ce, Yaya?" Ta yi tsalle ta yi waje tana salati, har da yar da takalmi ɗaya. Da ta dawo na koya mata: ka danna ja, ka yi magana, ka danna baƙi, ka adana. Sau ɗaya na nuna mata ta iya. Da ita ce ɗalibata da na huta.

Da na shiga gaishe da Inna, tana kwance ta ba wa ƙofa baya. Na durƙusa na ce, "Inna, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?" Ta ce da bango, "Lafiya." Sannan ta ce da Hajara, ina nan durƙushe, "Wai shi wannan me yake yi a zaure tun safe?"

Wannan. Ni ne wannan. In ta so ta girmama ni, sai ta ce "yayan su Hajara". Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna ta riƙe alkunya yadda iyayenta suka riƙe: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta kallon idonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kakata ce ta raine ni. Yau ga furfura a gemuna, ban taɓa jin Mainasara daga bakin Inna ba. Ba ƙorafi nake ba, haka aka saba. Na dai rubuta ne.

Hajara ta yi mata bayanin Uwa da 'ya'yan cikinta. Inna ta ce, "To ita ma tana jin kunyar na farin?" Hajara ta yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi, a zaure.

Talata, 21 ga Satumba, bayan magariba

Ɗalibai sun share komai yau. Na kashe na kunna a gabansu, suka yi ta tafi. Ina ma kowane abu haka yake.

Juma'a, 24 ga Satumba, bayan la'asar

Bari in bi a hankali.

Na bar Mantau a kunne na tafi masallaci. Da na dawo na tarar da Hajara a bakin shago ta tare ƙofa, idonta jajir. Ta ce, "Ba abin da kake zato ba ne, Yaya. Zauna."

Wai bayan fitata Inna ta ce a kawo ta ta ga abin nan mai mayar da magana. Hajara ta tallabo ta, da ƙyar, ta zaunar da ita a kujerata. Inna ta tambaya, "In na yi magana, shi yana ji yanzu?" Hajara ta ce a'a, sai an kunna masa. Ta ce, "To danna, ki fita." Hajara ta danna ja ta fita, amma ba ta yi nisa ba, kowa ya san Hajara. Ta ce Inna ta daɗe tana magana, rabi Hausa rabi Fillanci, ba ta ji duka ba. Amma farkon ta ji shi sarai.

Na ce, "Me ta ce a farkon?"

Ta ce, "Sunanka."

Na miƙe zan shiga, ta riƙe mini riga. Ta ce Inna ta ɗora mata amana: kada a kunna, kada in ji, sai bayan ba ta. "Ta ce in ka ji tana raye, ba za ta ƙara iya zama a gidanka ba."

To. Na yarda. Ai ba zan tozarta ta ba. Amma yana nan! Yana cikin shagona, a kan teburina! Na shiga na tsaya ina kallon akwatin kamar ban taɓa ganinsa ba, ina ta murmushi kamar wawa.

Sai can na tambayi Hajara a ina ta adana. Ta ce inda na koya mata.

A cikin Mantau.

Asabar, 25 ga Satumba, da hantsi

Mantau na nan a kunne. Na manna takarda a jikin makunnin, na kuma sallami ɗalibai sai wani satin.

Ba abin tashin hankali ba ne, aiki ne kawai, kuma aikina ne. Dole in fito da muryar daga Mantau in mayar da ita cikin Uwa kafin wani abu ya kashe ta. Na zauna na bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. In canja saitin ma'ajiyar ta daina mantuwa: firogiram ya ce sai an kashe ta tukuna. In buɗe hanya tsakaninta da Uwa su riƙa miƙa wa juna kaya: ban gina mata wannan hanyar ba tun farko, don kada ɗalibai su tsallako, kuma ginawa sai an kashe. In kwashe a faifan fulofi kaɗan-kaɗan: ramin fulofin ya mutu tun da wani malami ya cusa masa nasa a juye, kuma canja shi sai an kashe Uwa gaba ɗaya. Tirƙashi. Duk ƙofar da na taɓa, da hannuna na kulle ta, ina ta yabon kaina.

Lahadi, 26 ga Satumba, bayan azahar

Na samu! Kaset! In na sami waya mai baki biyu, ɗaya a ramin sifika na kwamfuta, ɗaya a bayan rakoda, muryar za ta bi waya ta shiga kaset ba tare da ta fito fili ba. Ba wanda zai ji, har ni. Amana ta tsira, murya ta tsira. Na zagaye masu gyaran rediyo na garin nan, babu mai irin bakin. Na ba direban motar Kano saƙo ya kai wa Bature.

Na cire sifika na sa a ƙarƙashin tebur don kada Shaiɗan ya ja hannuna. Amma na buɗe muryar na kalle ta. Firogiram ɗin yana zana magana a allo, layi kore mai tudu da kwari. Ga shiru dogo a farko, ina jin tana gyara zama ne. Sai wani ɗan tudu mai gaɓa huɗu. Na ƙirga da yatsa. Mai-na-sa-ra. Shi ne, wallahi shi ne. Kallo ai ba ji ba ne, na tambayi kaina na ba kaina fatawa.

Litinin, 27 ga Satumba, da yamma

Mantau na nan a kunne. Inna ta sha ruwa cokali kaɗan.

Talata, 28 ga Satumba, da safe

Hadarin jiya ya kayar da turakun wuta a hanyar Doguwa. Ina shago lokacin da fitila ta mutu, akwatin riƙe wuta ya fara kuka. Wannan akwatin ba ya jimawa, iyakarsa ka adana aikinka ka kashe. Na fita cikin ruwa ba takalmi ina buga ƙofar Lado. Bawan Allah bai tambaye ni komai ba, ya kinkimo ƙaramin janaretansa a ka. Muka tayar da shi akwatin na kukan ƙarshe. Da na ga taga tana nan, na rungume Lado, jiƙaƙƙe da ni.

Sai da muka zauna na faɗa masa abin da ke ciki. Ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Malam, ni tawa har ta rasu ba ta faɗa ba." Ya tashi ya fita. Jim kaɗan ya dawo da batirin motarsa. Ya ce masara ba ta bushe ba, motar a ajiye take, in haɗa shi da akwatin don janareta ya riƙa hutawa. Na haɗa, ya yi! Yanzu janareta ya yi aiki ya cika batir, batir ya riƙe janareta ya huce. Na kashe ɗaya 'yar kwamfutar, na kashe allo, Uwa da Mantau kaɗai ke numfashi. Injiniyoyin Kano su zo su ga aiki.

Laraba, 29 ga Satumba, bayan la'asar

Waya ta iso. Bakinta ya yi wa ramin girma. Bature, Allah ya shirye ka! Na mayar da ita da zanen bakin da nake so a jikin kwalin ashana.

Hajara ta ce, "Yaya, ka fi zama wurin akwatin nan fiye da wurin mai muryar." Na ce ai ko na shiga bango take kallo. Ta ce, "Bangon take kallo, amma takunka take saurare. In ka fita sai ta ce, wannan ya ci abinci kuwa?"

Na shiga na zauna a bakin ƙofa. Hannun Inna ya zama kamar kara. Ƙarar janareta na shigowa har ɗakin, na ce ko yana damunta a matsar da shi. Ta ce da Hajara, "Ce masa ya bar shi."

Ta san abin da yake riƙe. Wallahi ta sani.

Alhamis, 30 ga Satumba, da azahar

Mantau na nan a kunne. Ba wuta. Ba waya. Likita ya sake zuwa, ya ce in abu kaza ya faru kada a tsaya nan, a wuce Kano kai tsaye. Ba zai faru ba.

Juma'a, 1 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Janareta ya fara tari. Mai gyara ya tafi ƙauye sai gobe. Na wanke fulogi da kaina, ya ɗan saki. Direba ya ce Bature ya samo wayar daidai, gobe da yamma zai taho da ita. Gobe! Na sayi sabon kaset, na goge kan rakoda da auduga, na jera komai a tebur. Gobe da dare muryar Inna tana aljihuna, in kashe Mantau da hannuna in yi barci har da minshari.

Ina ta tunanin me ta faɗa bayan sunan. Layin yana da tsawo. Akwai wani wuri da ya yi ƙasa sosai ya daɗe, sannan ya tashi. Ko dariya ce? Inna tana dariya kuwa in ba kowa?

Asabar, 2 ga Oktoba, bayan la'asar, a barandar asibiti, Kano

Da biron wani nake rubutu.

Da hantsi janareta ya mutu murus. Batir ya karɓa. Ina tsugune a kansa da sufana sai na ji Hajara ta ƙwalla kira, irin kiran da ba a yi sau biyu. Abu kazan da likita ya faɗa.

Na ruga tasha, motocin Kano duk sun tashi tun safe, saura ɗaya ba kowa a ciki, direban ya ce sai ta cika. Na dawo na tarar Lado ya buɗe gaban a-kori-kura, ya shimfiɗa katifa a baya, yana tsaye yana kallona. Ramin batir ne a buɗe, batirin yana shagona.

Muka shiga shago. Na san da zarar an zare waya ɗaya, akwatin ba zai kai ko'ina ba, nasa batirin ya gama mutuwa tun ranar hadari. Hajara ta shigo da gudu ta ce, "Yaya, kunna ka ji! Farkon kawai! Ni na yafe amanar, Allah ma ya gani." Sifika na nan ƙarƙashin tebur, sunkuyawa kawai zan yi. Amma mata sun riga sun ɗauko Inna, suna ratsowa ta zaure, dab da ƙofar shagon, idonta biyu. Da na kunna, da kunnenta za ta ji.

Na ce, "Lado, cire."

Ya ce, "Malam..."

Na karɓi sufanar na cire da kaina. Fankar Uwa ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta tsaya. Sati guda ban ji shagon nan shiru ba.

Batirin ya sha jiki, sai da samarin unguwa suka tura motar. Ni da Hajara muna baya. Babu yadda za a yi a hanyar nan sai an riƙe kanta, Hajara kuma ta kama ƙafafu, don haka kan Inna a cinyata ya zauna. Ban taɓa taɓa kanta ba. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ta rufe ido don kada mu haɗa.

Mun kusa Kwanar Ɗangora ta motsa baki. Hajara ta sunkuya. Wai tambaya take, ba ta ji ƙarar injin nan ba da aka fito da ita, wa aka bari da shi? Na yi wa Hajara alama ta yi shiru, amma ina! Ta ce, "Inna, babu. Batirin da ke riƙe da maganarki shi ne a motar nan. Yaya ya cire. Ta goge."

"Ya ji?"

"Bai ji ba. Na ce ya ji, ya ƙi."

Muka hau titin Kano, muka wuce mahaɗar Bebeji, masu rake suna ta miƙo mana rake. Na ɗauka ta yi barci. Sai na ga ta buɗe ido. Ba bango, ba Hajara. Ni ta kalla, tsakiyar idona, ranta a ɓace sosai, irin kallon da na sha gani tana yi wa ƙannena ina jin kishi.

Ta ce, "Mainasara. Wa ya aike ka?"

Sannan ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ta faɗa! Da bakinta, da rana tsaka, a bayan motar masara! Ba ta ja shi yadda mutane ke ja ba, a gajarce ta faɗe shi, da ɗan karin Fillanci a ƙarshe. Na ce "Na'am, Inna," na sake cewa "Na'am," ina dariya, majina da hawaye sun haɗe mini, Hajara na dukan kafaɗata tana cewa in yi hankali da kanta. Lado ya leƙo ta taga yana tambaya lafiya, na ce tuƙa kawai, faɗa ake yi mini!

Likitoci suna ciki da ita yanzu. Sun ce mu jira a nan. Ina jin daɗi, ina jin tsoro, ban san wanda ya fi ba. In ta farfaɗo na san ba za ta kalle ni ba har wata guda. Ta daɗe ba ta kalla ba, ni dai ta farfaɗo.

Lahadi, 3 ga Oktoba, da asuba

Sun kira mu ciki.

Litinin, 4 ga Oktoba, bayan azahar, Falgore

Mun dawo da ita gida jiya a motar Lado. An kai ta kusa da mahaifinmu kafin la'asar.

Ana zaune a ƙofar gida, mutane na ta zuwa daga rugage, har daga Doguwa da Kiru. Kowa ya durƙusa sai ya ce, "Mainasara, sai haƙuri. Mainasara, Allah ya ji ƙanta." Tun safe ake ta kiran sunan nan. Ina ta amsawa.